Gwajin Jinin Tumaki Da Awaki: Riba Ga Fatake Ko Sabon Shinge?

Duk wanda ya daɗe yana harkar dabbobi a kasuwannin Maigatari, Mai'aduwa, Illela ko Mubi ya san wannan labari. Za ka sayi rago a kara, ka buɗe bakinsa, ka dafa gadon bayansa, ka gamsu lafiyarsa lau, ka biya la'ada a loda shi a mota. Bayan kwana goma a Legas ko Ibadan sai rago ya daina cin dusa, jiki ya ɗau zafi, cikin ido ya yi fari fat ko ya koma ruwan ɗorawa, kafin a ankara an sa masa wuƙa don kada ya yi mushe. Daga nan sai rigima ta tashi, falke ya ce dillali ya cuce shi, dillali ya rantse cewa lafiyayye ya sayar.

Sau da yawa dukkansu biyu gaskiya suka faɗa. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da kaska da tsando ke zuba wa tumaki da awaki a jini, waɗanda kan yi lamo a jikin dabba wata da watanni ba tare da wata alama ba. Wahalar tafiya, yunwa, ƙishirwa da cunkoso a tirela su ke karya garkuwar jiki, sai cutar ta ɗago kai. Wani lokacin kuma a can kudu dabbar ke kamuwa, domin Balami da Uda na ƙasar rairayi ba su da juriyar sammore irin ta gajerun tumakin kurmi.

Hanyar da malaman dabbobi suka saba bi ita ce a shafa ɗigon jini a kan gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Hanya ce mai sauƙi da araha, kuma tana aiki idan cuta ta riga ta cika jini. Amma dabbar da ke ɗauke da ƙwayoyin 'yan kaɗan, wato irin ragon da muka ambata a sama, galibi sai ta tsallake. A nan ne gwajin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, ya shigo. Na'urar da ake kira PCR, wadda jama'a suka ji sunanta a lokacin annobar korona, tana ɗaukar ɗan guntun halittar ƙwayar cutar ta yi ta ninka shi har sau miliyoyi, yadda ko kaɗan ne a jini sai ya bayyana. Wani Ba'amurke mai suna Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, don haka ba sabuwa ba ce, isowarta turken talaka ne ya yi jinkiri.

Babban amfanin gwajin a wurinmu shi ne yana faɗin sunan cutar. A kasuwa, da zarar dabba ta yi zazzaɓi sai a ce a yi mata Berenil, in ba ta tashi ba a ƙara da Terramycin, kowa likitan kansa. Alhali kuwa Berenil maganin sammore ne da ƙwayar Babesiya mai fasa jini. Ƙwayar Anafilasma da cutar nan mai tara ruwa a jakar zuciya, wadda ke sa akuya ta riƙa juyi tana shure-shure, su Terramycin suke ji. Tileriya mai tsanani kuwa maganinta daban ne. Allurar da aka yi a makance kuɗi ne aka zubar, kuma yawan yin ta ba bisa ƙa'ida ba shi ya sa a wurare da dama sammore ya daina jin magani.

Misalin Sudan ya isa a duba. A can akwai Tileriya iri biyu a jinin tumaki, ɗaya ba ta cika yin illa ba, ɗayar kuwa tana kashe tumaki da yawa, musamman a jihohin Hartum da Kogin Nilu. A ƙarƙashin madubi kamanninsu kusan ɗaya ne, sai gwajin DNA ke rarrabe su. Ga ƙasar da ke tura miliyoyin tumaki Saudiyya, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

To amma wuƙar tana da baki biyu. Binciken da aka yi ta wannan hanya a ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa ɗimbin tumaki da awaki masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da Anafilasma ko kuma Tileriya marar tsanani, kuma haka za su rayu, su haihu, a yanka su a ci. Ke nan a ce an ga ƙwaya a jinin rago ba ya nufin ragon ba shi da lafiya. Na'urar takan ma gano ɓurɓushin ƙwayar da magani ya riga ya kashe. Idan aka wayi gari wata hukuma ta ce ba dabbar da za ta tsallake iyaka sai da takardar shaidar cewa jininta fes yake, ko shakka babu mota nawa za a tsare ba gaira ba dalili. Mu da muka san yawan shingayen da ke tsakanin iyaka da Legas mun san yadda irin wannan takarda kan koma hanyar karɓar na goro.

Kada kuma a ɗauka batun takardar lafiya abu ne mai nisa. A shekarar 2000 Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen ƙuryar gabashin Afirka saboda zazzaɓin Rift Valley, kuma Somaliya ba ta samu an ɗage mata takunkumin ba sai a 2009. A 2020 ma an mayar wa Sudan da jiragen ruwa maƙare da tumaki bisa dalilin sakamakon gwajin jini. Wannan cuta daban take da na kaska, amma ta nuna cewa mai saye na waje da takardar ɗakin gwaji yake aiki, ba da rantsuwar dillali ba.

A ganinmu, inda gwajin zai fi amfani shi ne a sa ido kan kasuwanni, ba a bi dabba ɗaya bayan ɗaya ba. Gwajin yana ɗaukar sa'o'i, yana buƙatar wutar lantarki da sinadaran da ake sayowa daga waje, ba abin da za a yi wa kowace akuya ranar kasuwa ba ne. Amma ana iya ɗiban jinin dabbobi ƙalilan daga kowace babbar kasuwa da damina da rani, a ɗiga a kan wata takarda ta musamman da ke adana shi ko babu firij, a haɗa da kaskar da aka cire, a aika ɗakin gwaji. Sakamakon zai nuna wace cuta ce ke yawo a wace hanya, da maganin da ya kamata falke ya tanada. Akwai kuma wata hanya da masana a Japan suka fito da ita a shekarar 2000, mai suna LAMP, wadda ba ta buƙatar babbar na'ura kuma takan ba da amsa cikin kimanin sa'a guda.

Ɗakunan gwajin suna nan: cibiyar Vom a jihar Filato, LABOCEL a Yamai, LANAVET a Garwa, da na Farcha a Njamena. Abin da ƙungiyoyin fatake da dillalai ya kamata su nema daga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Najeriya ta kafa a 2024, da takwarorinta na maƙwabta, shi ne waɗannan cibiyoyi su amince da sakamakon juna, kuma a riƙa sanar da abin da aka gano da Hausa, a rediyo da bakin sarkin kara. Wannan ya fi zama dole yanzu, domin takardar ƙetare iyaka da dabbobi da makiyaya suka sani tun 1998 ta ECOWAS ce, Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025.