Farautar markhor: A ƙirga kafin a harba

A tsaunukan Chitral da Gilgit-Baltistan na arewacin Pakistan, ba a saɓa bindiga a hau dutse haka kawai. Markhor, akuyar dajin nan mai murɗaɗɗun ƙahoni, guda 12 kacal yarjejeniyar CITES ta amince a fitar da ƙahoninsu daga ƙasar duk shekara, kuma tsofaffin bunsuraye ake harba.

Kashi 80 cikin 100 na kuɗin lasisi ƙauyukan yankin ake bai wa, shi ya sa mazauna suka koma masu gadin dabbar. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sassauta matsayinta na barazanar ƙarewa.

Matsayarmu: duk farautar da babu ƙidaya da rabon ƙauyawa a cikin shirinta, ɓarna ce, kada a ba ta lasisi.