MAGANAR BARIKI: SUNA MAI DAƊI, TARKO A CIKI

Bayan girbi, samari da ƴan mata na Barmu, Afala da Takanamat suna shigowa Tawa ci-rani. Waɗansu su zarce Abijan ko Libiya. Tun daga tasha baƙo yana jin kalmomin da ya sani, amma ma'anarsu a bariki daban take.

A fada, Magajiya sarauta ce ta mata. A bariki kuwa, magajiya ita ce shugabar karuwai. Ita ke ba da ɗaki, ita ke amsar kuɗi. In an ce mace "mai zaman kanta" ce, sau da yawa karuwa ake nufi. Kawali shi ne dillali tsakanin mace da namiji, yana cin la'ada. Da fari yakan ce "aikatau" zai samo wa yarinya. Ya biya mata kuɗin mota da abinci, daga baya ya ce bashi ne.

Har a Amurka haka abin yake. Kawali yana sa mata su kira shi "baba". Shi kuwa yana kiran taronsu "barga", wurin ɗaure dawaki. Makiyayi ya gane nufinsa: dabbobi ya ɗauke su.

Dokar Nijar tana ɗaure mai kawalci. A shekarar 2010 kuma an yi dokar hana fataucin mutane.

Kafin uwaye su saki ɗiyarsu, su san sunan mai gidan, da unguwarsa, da irin aikin. In maganar ba ta fita sarai ba, a sanar da maigari ko jandarma. Rigakafi ya fi magani.