Zaɓen 2027: Shaidar da ke cikin na'urorin INEC da wanda ke riƙe da ita

A ranar 25 ga Fabrairun 2023, takardun sakamakon zaɓen 'yan majalisar tarayya sun riƙa shiga shafin IReV na hukumar zaɓe, amma na shugaban ƙasa suka maƙale. Sai a Fabrairun 2024 INEC ta fitar da cikakken rahoto, inda ta ɗora laifin kan kuskuren saiti: rumbun bayanan an tsara shi ne bisa jihohi da mazaɓu, don haka ya rasa inda zai ajiye sakamakon zaɓen da ya game ƙasa baki ɗaya. A cewarta, takardar farko ta shiga da ƙarfe 8:55 na dare.

Mai yiwuwa hakan ce ta faru. Sai dai wanda ake zargi shi ne ya ba da bayanin, kuma hujjar da za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi tana hannunsa.

Hujjar ita ce kundin aiki. Kowace na'urar sadarwa da kowane rumbun bayanai suna rubuta abin da ya gudana a cikinsu, layi bayan layi: wanda ya shiga, daga ina, a wace daƙiƙa, me ya taɓa, da kuskuren da aka samu. Injiniyoyi kan sa ido a kan wannan kundi domin su hango tangarɗa ko kutse tun da wuri. A ranar zaɓe kuwa, shi ne ke bambanta matsalar na'ura da hannun mutum.

Kenya ta nuna nauyinsa. Bayan zaɓen 8 ga Agustan 2017, Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci hukumar zaɓe ta IEBC ta buɗe rumbunanta da kundayensu domin a duba ƙorafin Raila Odinga. Hukumar ba ta cika umarnin ba. Ranar 1 ga Satumba, kotun a ƙarƙashin Mai Shari'a David Maraga ta soke zaɓen, alƙalai 4 a kan 2, ta kuma ɗauki ƙin buɗewar a matsayin alamar da ke ƙarfafa zargin.

A Najeriya ma an ɗanɗana. A Janairun 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamnan Osun ta soke nasarar Ademola Adeleke bisa aringizon ƙuri'u, tana dogaro da rahoton BVAS da aka ciro daga rumbun INEC. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a watan Mayu, bisa dalilin cewa bayanan da ke cikin na'urar kanta su ne shaida ta asali. Amma a Maris na wannan shekarar, kotu ta ba INEC damar sake saita na'urorin BVAS domin zaɓen gwamnoni, har aka ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga wata. Hukumar ta ce ta kwashe bayanan zuwa rumbunta. Wato shaidar asali tana iya gushewa cikin makonni, kwafinta kuma ya rage a wurin ɓangare ɗaya na shari'ar.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na tsawon shekara 2. Ƙuri'ar ɗan ƙasa ta cancanci aƙalla irin wannan kariya. Abin da ake buƙata kafin 2027 a fili yake: a daidaita agogon dukkan na'urori, a riƙa tura kwafin kundin nan take zuwa ma'ajiyar da ba a iya gogewa ko gyarawa, a hannun wani ɓangare na daban, sannan ƙwararrun jam'iyyu da masu sa ido su samu damar dubawa cikin kwanaki ƙalilan. Lokaci yana da muhimmanci, domin mai ƙorafi kwana 21 kacal yake da shi ya shigar da ƙara, kotu kuma kwana 180 ta yanke hukunci.

Muhawara ta fi karkata ga tura sakamako ta intanet. Tambayar da ya kamata matasa su sa a gaban INEC da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ita ce: idan na'ura ta sake tsayawa, wa zai ga kundin, kuma a cikin kwana nawa?