Masu son ƙananan jiragen ƙasa suna da hujja kan kamfanoni

A Amurka da Turai akwai manya, wasunsu da furfura, waɗanda nishaɗinsu shi ne shimfiɗa ƙaramin layin dogo a ɗaki ko a lambu, su ɗora masa kan jirgi mai tafiya da lantarki wanda aka ƙera daidai siffar na gaske. Duk shekara, da zarar kamfanoni sun fitar da jerin sababbin kayansu, sai ƙorafi guda ya taso: an sake kawo abin da kowa ya riga ya mallaka, manyan kawunan jirgi masu tururi da ake ta roƙo kuma shiru. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka kukan daɗi ne, amma akwai gaskiya a maganarsu.

Kan jirgin da ake ta maimaitawa shi ne Big Boy. Kamfanin ALCO ya ƙera guda 25 tsakanin 1941 da 1944 domin kamfanin Union Pacific, don jan kaya a hawan duwatsun Wasatch da ke jihar Utah. Tsawonsa ya kai kimanin mita 40, ƙafafunsa masu ja 16 ne. Takwas suka tsira, kuma a 2019 aka farfaɗo da mai lamba 4014 ya koma kan layi. Rivarossi da Athearn da Märklin duk sun yi kwaikwayonsa. A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87, tsawonsa ɗan ƙasa da rabin mita ne. A ma'aunin lambu na 1 cikin 29 kuwa ya kusa mita ɗaya da rabi, sai mutum ya sa hannu biyu kafin ya ɗaga shi.

Dalilin kamfanoni ba ɓoyayye ba ne. Kan jirgin dizal akwati ne bisa ƙafafu, kuma kamfanonin jirgi da yawa sun yi amfani da iri ɗaya, don haka zubi guda ya isa: a sauya fenti, a sake sayarwa. Mai tururi ba haka yake ba. Manyansu yawanci an ƙera su ne domin layi guda da bukatarsa, da tukunyarsa daban, da sandunan da ke juya ƙafafunsa a bayyane, kuma kowane ɗan ƙarfe sai an yi masa mazubi na kansa. Ga matsalar kwana: jirgi mai wannan tsawo ba ya juyawa a ƙaramin ɗaki, wanda hakan ke rage masu saye. Rufewar Aristo-Craft a ƙarshen 2013, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera jiragen lambu, ta ƙara sa sauran taka-tsantsan. Shi ya sa yanzu kamfani kan yi sanarwa, ya jira a yi rajistar saye, in adadin bai cika ba ya janye. Mai roƙo da baki wanda ba ya sa suna a wannan rajista, shi ma yana da nasa laifin.

Duk da haka, lissafin riba bai rufe maganar ba. Big Boy ba ya bukatar taimakon kowa. Mai son ganinsa zai iya zuwa gidan tarihi ya tsaya gabansa. Waɗanda ke bukatar kwaikwayo su ne waɗanda aka yanka aka narkar. Kamfanin New York Central ya mallaki kawunan jirgi samfurin Hudson guda 275, ba a bar ko ɗaya ba. Abin da ya riƙe siffarsu a hannun mutane, bayan hotuna, shi ne irin kwaikwayon da Lionel ya fitar a 1937. Haka T1 na kamfanin Pennsylvania: 52 aka ƙera, duka suka tafi wurin narka. Idan mai sha'awa ya nemi a yi masa irin waɗannan, yana neman a mayar da jiki ga abin da ya rage a takarda kawai.

Takardar ce ma ginshiƙin al'amarin. A Ingila an narkar da dukkan kawunan jirgi 49 na samfurin Peppercorn A1, amma zanen ƙirarsu na nan a gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York. Da shi wasu masu sa-kai suka ƙera sabo fil, cikakken girma, mai suna Tornado, wanda ya fara tafiya a 2008. A Amurka ma wata ƙungiya tana kan aikin ƙera sabon T1 mai lamba 5550. Babu ɗayansu da zai yiwu da wani magatakarda bai adana fayil ba.

Nan ne zancen ya iso ofisoshin Abuja. Nijeriya ta yi zamanin tururinta: layin dogo ya isa Kano a 1911, kwal ɗin Inugu ya ciyar da tukwanen jiragen, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo kawunan jirgi samfurin River daga Birtaniya, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna. Gidan Jaekel da ke harabar hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta, wanda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara, yana riƙe da wani ɓangare na wannan tarihi. Duk wanda zai yi tunanin kwaikwayon samfurin River nan gaba, ɗan Zariya ne ko Bature, abin da zai fara nema shi ne zanen ƙira da ma'auni. Tsohon ƙarfe idan ya shiga hannun 'yan gwangwan ba ya dawowa, tsohuwar takarda kuma gara da yoyon rufi sun ishe ta. Jami'in da aka kawo wa takardar gwanjon kayan da suka tsufa zai iya tambaya, kafin ya sa hannu, ko akwai kan jirgi mai tururi a cikin jerin, da kuma inda zanensa yake.