Maɓallin Koma-Baya da Samarin da ke Zane a Birnin Zazzau

Duk mai hulɗa da samarin da ke zane a waya ko kwamfuta cikin birnin Zazzau ya san maganar da ta fi yawa a bakinsu: "Ai bai yi ba." Yaro zai duƙufa kan hoto ɗaya a ibisPaint, ya ja layi ya goge, ya sake ja ya sake gogewa, ƙarshenta ya kashe wayar bai nuna wa kowa ba. Ka tambaye shi dalili, sai ya buɗe Instagram ya nuna maka aikin wani ɗan Japan da ya shekara ashirin a sana'ar.

A ganina, babban abin da ke kiwon wannan shakka shi ne maɓallin koma-baya. Dubi mai zanen babbar riga a cikin birni. Shadda ta mai kuɗi ce, tawada kuma in ta hau ta hau, don haka kafin ya ɗora alƙalami ya riga ya ga aska takwas ɗin a ransa. Haka maginin da ke fitar da dagi a fuskar zaure: laka ba ta jiran mai waswasi. Shi kuwa mai waya an ba shi damar gogewa ba iyaka, sai hannunsa ya daina yanke shawara. Ga kuma faɗaɗa hoto da yatsu biyu, wanda ke nuna maka karkacewar da babu idon da zai taɓa lura da ita.

Magani yana cikin na'urar kanta. Yi zanen farko da sauri a shafin ƙasa, ka dusashe shi, ka ɗora sabon shafi a sama ka bi layin da ja ɗaya, daga gwiwar hannu, ba daga yatsu ba. In kana son sanin ko aikin ya karkace, juya hoton dama ta koma hagu. Kuskuren gaske zai fito nan take, na ƙarya kuma ya ɓace. Launi a shafinsa daban. Sannan ka yanka wa kanka lokaci, in ya cika ka ɗaga hannu.

Sai batun mudun da ake awo da shi. A 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Turawa ke koyar da su, da ma'aunin Ingila. Ba su watsar da dabarun da aka koya musu ba, sai dai suka zuba musu kayan gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo. Baƙi ne a garin nan, amma sun gane abin da ɗan Ƙofar Doka ke wucewa kullum bai ɗaga kai ba: bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, da zayyanar allon sauka, da hular da shi ɗan Ƙofar Dokan ke sawa. Wanda ma zuciyarsa ba ta kwanta da zanen mai rai ba, hukuncin wannan na malamai ne, amma waɗannan zane-zanen gida babu mai ja da su.

Dagi na son daidaito, kuma Krita, wadda kyauta ce, tana da madubin da ke maimaita rabin zane a ɗaya gefen. Zana wuyan riga da shi, ka tsallake masu danna "so" a intanet, ka kai wa maɗinki a unguwarku. Zai gaya maka inda zare ba zai bi ba. In ya ce zai ɗinka, tambaye shi nawa zai biya.