RA'AYINMU: A Biya Mai Nuna Ɓaraka Tun Ɓarawo Bai Gan Ta Ba

A cikin watan Oktoba na shekarar 2021, wani masanin tsaron kwamfuta mai suna Gerhard Wagner ya gano wata ɓaraka a manhajar Polygon, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ake hada-hadar kuɗin kirifto a kansu. Dukiyar da ɓarakar ta bari a fili ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 850. Mutumin bai taɓa ko anini ba. Sai ya kai rahoto a asirce ga masu tsarin, suka toshe ɓarakar, sa'an nan suka ba shi tukwicin dala miliyan 2. In aka buga lissafi, abin da aka ba shi bai kai kwabo ɗaya ba a cikin kowace naira huɗu ta dukiyar da ya tsirar. Mu a ra'ayinmu, da wuya a sami ciniki mai araha kamar wannan, kuma akwai darasi a cikinsa ga hukumomin ƙasar nan.

Domin mai karatu ya gane nauyin maganar, ya kamata mu ɗan yi bayanin tsarin da ake kira bulokcen. Shi dai littafin lissafin kuɗi ne wanda ba ya hannun mutum guda ko banki guda. Dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam-dabam kowace tana riƙe da kwafinsa, kuma kowane sabon shafi a ɗaure yake da na bayansa kamar sarƙa, yadda ba a iya goge abin da aka riga aka rubuta. In akawun banki ya yi kuskure, manaja yana iya tsayar da biya, kotu kuma tana iya ba da umurnin a mayar da kuɗi. A wannan littafi kuwa babu manajan da za a kai wa kuka. Abin da manhaja ta yarda da shi ya zauna ke nan. Bugu da ƙari, yawancin waɗannan manhajoji a buɗe suke, kowa yana iya karanta rubutunsu, na kirki da ɓarawo. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to, wannan bango ne da ƙadangarun duniya duka suke dubawa dare da rana.

An sha ganin abin da tsaga guda ke jawowa. A watan Agusta na 2010, wani ya yi amfani da kuskuren lissafi a manhajar Bitcoin ya ƙirƙiro kuɗi har miliyan dubu 184, alhali ƙa'idar tsarin ita ce jimillarsu ba za ta taɓa wuce miliyan 21 ba. An yi sa'a a lokacin masu amfani da shi ba su da yawa, aka gyara manhajar cikin 'yan sa'o'i. A watan Yuni na 2016 kuma aka zuƙe kuɗin Ether kimanin miliyan 3.6 daga wani asusun haɗin gwiwa da ake kira The DAO. Ba a iya mayar wa mutane dukiyarsu ba sai da aka sauya tsarin Ethereum kansa, abin da ya raba jama'arsa gida biyu, kuma har yau ba su sake haɗuwa ba.

Dabarar biyan wanda ya nuna kuskure ba sabuwa ba ce. Tun a 1995 kamfanin Netscape na Amurka ya yi shelar zai ba da kyauta ga duk wanda ya gano ɓaraka a manhajarsa. A 2016 Ma'aikatar Tsaron Amurka da kanta ta gayyaci masana su gwada ƙarfin wasu shafukanta na intanet, ta biya waɗanda suka kawo rahoto mai amfani. Abin da ya bambanta harkar bulokcen shi ne girman tukwicin, dalili kuwa a bayyane yake. A nan kuɗin kansa ne ke kwance a bayan ɓarakar, saboda haka wanda ya gan ta yana da zaɓi biyu a gabansa, ko ya kwashe ko ya faɗa. In tukwicin ya zama ɗan abin sayen goro, an bar amanar miliyoyi ke nan a kan tsoron Allah na wani baƙo da ba a ma san sunansa ba.

Labarin Wormhole, wata gada da ke ƙetarar da kuɗi daga wannan tsarin bulokcen zuwa wancan, ya isa misali. A watan Fabrairu na 2022 wani mai kutse ya bi ta wani kuskure a manhajarta ya kwashe kimanin dala miliyan 320, sai da kamfanin da ke tsaya mata ya cike giɓin daga aljihunsa. A cikin shekarar dai, wani masani ya gano wata ɓarakar dabam ya kai rahoto, aka biya shi dala miliyan 10. Duk ma'ajin da ya ɗora waɗannan adadi biyu a kan ma'auni zai ga cewa rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha nesa ba kusa ba.

Amma fa akwai wani gefen da ba za mu rufe ido a kansa ba. A watan Agusta na 2021 wani ya kwashe fiye da dala miliyan 600 daga Poly Network. Da ya fara mayarwa, masu tsarin suka shiga yi masa kirari da mutumin kirki, suka yi masa tayin dala 500,000 da muƙamin babban mai ba da shawara kan tsaro. Mun fahimci halin da suka shiga, domin wanda dukiyar jama'a ta salwanta a hannunsa zai iya durƙusa wa kowa. Duk da haka, mutumin da ya fasa rumbu ya kwashe hatsi, sa'an nan ya dawo da shi bayan an yi ciniki, ba ɗaya yake da wanda ya ga tsaga ya je ya rada wa mai gida ba. Abin da aka ba na farko kuɗin fansa ne, ko da wane suna aka laƙaba masa. A Amurka ma kotu ta taɓa duba irin wannan. A 2016 kamfanin Uber ya biya wasu masu kutse dala 100,000 da sunan tukwici bayan sun saci bayanan mutane miliyan 57, aka kuma ɓoye zancen. A 2022 aka sami tsohon babban jami'in tsaron kamfanin da laifi a kan wannan rufa-rufa. Ya zama wajibi ke nan a shimfiɗa ƙa'ida tun kafin abu ya faru, a bayyana inda aka yarda a gwada, da hanyar kai rahoto, da abin da za a biya. Tun ran gini ran zane.

Haka kuma kada wani ya ɗauka tukwici shi kaɗai ya isa tsaro. Satar fiye da dala miliyan 600 da aka yi wa tsarin Ronin a watan Maris na 2022, wadda hukumomin Amurka suka ɗora a kan masu kutse na Koriya ta Arewa, da makullan sirri aka yi ta, domin ɓarayin sun mallaki biyar daga cikin tara da ake buƙatar rinjayensu kafin a fitar da kuɗi. Babu tukwicin da zai yi maganin sakacin mai riƙe da makulli.

Wani zai ce ina ruwan Nijeriya da wannan. Ruwanta kuwa babba ne. Ran 25 ga Oktoba, 2021 aka ƙaddamar da eNaira ta Babban Bankin Nijeriya, wadda aka gina a kan irin wannan fasaha. A watan Mayu na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa kan bulokcen. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 kuma ta sanya kadarorin kirifto a ƙarƙashin kulawar hukuma. A ƙididdigar kamfanin Chainalysis ta 2023 da ta 2024, Nijeriya ce ta biyu a duniya wajen rungumar waɗannan kuɗaɗe. Watau dukiyar 'yan ƙasar nan, har da ta ƙananan 'yan kasuwa da ɗalibai, tana kwance a bayan irin bangon da muke magana a kai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta duba abubuwa uku. Na farko, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma hakan daidai ne. Sai dai ya kamata a fito fili a bayyana cewa wanda ya bi ƙa'ida ya kawo rahoto da kyakkyawar niyya ba zai kwana a hannun 'yan sanda ba. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ba masu gabatar da ƙararta irin wannan umurni tun a watan Mayu na 2022. Na biyu, duk kamfanin da zai riƙe kadarorin jama'a na kirifto, a sa masa sharaɗin ajiye kuɗin tukwici da buɗe ƙofar karɓar rahoto kafin a ba shi lasisi. Na uku, hukumomin gwamnati su fara da kansu, kowace ta naɗa jami'in da rahoto zai je wa, a kuma yanka wa'adin ba da amsa.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati kuwa, muna tunatarwa cewa wanda ya nuna aibin aikin ofis ba abokin gaba ba ne. Rahoton ɓaraka ba irin takardar da za a sa a fayil ta yi wata uku tana jiran sa hannu ba ce, domin abin da mutum ɗaya ya gani yau, wani yana iya gani gobe. Ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin kimiyya su ma su sani cewa a nan akwai sana'a ta halal wadda ba ta buƙatar biza ko uban gida, sai ilimi da haƙuri. Amma sharaɗinta ɗaya ne, kada a taɓa inda ba a ba da izini ba, kada kuma a ɗauki abin da ba a bayar ba.

Ƙasar da ta tsoratar da masu faɗa mata gaskiya ta bar ƙofarta ke nan ga waɗanda ba za su faɗa ba. Muna fata hukumomin da abin ya shafa za su yi abin da ya kamata tun da sauran lokaci. Allah Ya sa a gyara.