Maroƙan Zamani a Gidan Wasan Disney

A watan Janairun 2022 dubban mutane suka ja layi na awoyi a EPCOT, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney da ke Jihar Fulorida ta Amurka. Abin da suke jira kuwa bokitin gugguru ne na roba, mai siffar wani ɗan dodon wasa da ake kira Figment, kuɗinsa dala 25. Kafin a ce kwabo an fara sayar da shi a eBay da kuɗin da ya ninka haka sau da yawa. Wanda ya tara kuɗi shekara guda don ya kai iyalinsa su hau lilo, me ya kai shi ɓata yininsa a kan bokiti? Amsar tana cikin wayarsa. Wasu ne suka ɗauki hoton bokitin, suka yi ta zuga shi har ya zama abin da rashinsa kunya ne.

Waɗannan mutane, da ake kira masu tasiri a kafafen sada zumunta, ni dai a ganina maroƙa ne. Sai dai maroƙin da muka sani kowa ya san sana'arsa. Idan ya wasa attajiri, mun san an ba shi, ko kuwa yana sa rai. Shi wannan sabon maroƙi zuwa yake yi a rigar aboki, yana cewa shi ma masoyin wurin ne kamar kowa, alhali kuwa sau da yawa kamfani ne ya gayyace shi, ya ba shi masauki da abinci, ya shigar da shi kafin a buɗe wa jama'a. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ba sai an ce masa ya yi ƙarya ba. Ya san idan ya kushe, gayyatar gaba ba za ta zo ba, kuma in ba gayyata, ba sabon hoto, ba masu kallo.

Ga misali wanda ya isa. A watan Maris na 2022 Disney ya buɗe wani otal a Fulorida mai suna Galactic Starcruiser, wanda aka gina bisa labarin finafinan Star Wars, inda kwana biyu na mutum biyu ya kai wajen dala 4,800. Kafin buɗewa an kwaso 'yan jarida da masu tasiri sun kwana kyauta, intanet ta cika da yabo. A watan Satumbar 2023 aka rufe shi, ko shekara biyu bai cika ba. Sai a watan Mayun 2024 wata mai suna Jenny Nicholson ta fitar da bidiyo na awa huɗu a YouTube, ta fayyace ƙanƙantar ɗakuna da shirye-shiryen da suka ƙi yin aiki, miliyoyin mutane suka kalla. Ita ma fa sana'arta ke nan, bambancin kawai shi ne da kuɗinta ta biya. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta wajabta wa mai talla ya bayyana in an ba shi kyauta, amma 'yar kalma guda a ƙarƙashin bidiyo ba ta rage zaƙin yabon da ke samansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓarnar da ke faɗawa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Disney yana da wani tsari da ke sauƙaƙa wa masu lalura tsayuwa a layi. Sai bidiyoyi suka yawaita suna koya wa masu lafiya abin da za su faɗa don a ba su wannan dama. Kamfanin ya ce masu amfani da tsarin sun ninka fiye da sau uku cikin shekara biyar, kuma a 2024 ya tsaurara ƙa'idojin ƙwarai, har naƙasassu da yawa na gaske suka koka cewa an hana su. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan kuwa mai bidiyo ya kwashe masu kallonsa ya yi gaba, ruwan ya sauka a kan marar lafiya.

Kada a ce na ɗora laifin duka a kansu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin yana samun talla mai araha, mu kuma masu kallo mu ne muke danna wa bidiyon da ya fi hayaniya. Tun 2015 Disney ya hana shiga da sandar ɗaukar hoto saboda haɗarinta a kan lilo, wato in ya ga dama yana iya tsawatarwa. Amma har yanzu uba yakan ɗaga 'yarsa a kafaɗa don ta ga wasan wuta da daddare, sai ta tarar da wayoyi sun yi mata shinge, a gefenta kuma wani yana ta ihu ga mabiyansa.